Zama a Tsohon Soro: Jagora ga Wanda Ya Gaji Gidan Ƙasa

Gombe ba tsohon birni ba ce idan aka jera ta da Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya zauna, can ƙasar Dukku a gefen kogin Gongola. Zamanin Turawa aka ɗauke hedikwata zuwa Nafada a 1913, aka sake ɗauko ta zuwa Doma a 1919, inda garin yake yanzu. Don haka soron da ya fi kowanne tsufa a unguwannin da suka kewaye fada, irin su Dawaki da Ajiya da Kumbiya-kumbiya, da wuya ya wuce shekara 100 da 'yan kai. Amma sana'ar da ta tsayar da shi ta girme shi nesa ba kusa ba. Tubalin nan mai faɗin gindi da tsinin kai, da azarar giginya, da rufin ƙasa mai indararo, da su aka yi Gidan Rumfa na Kano, mazaunin sarakuna tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da su Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19. Nan kusa da mu ma, a Kafin Madaki ta jihar Bauchi, akwai soron da ake danganta wa Babban Gwani, yana nan tsaye.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da ya iso yau da yaɓen da aka fara yi masa. Damina tana wanke fuskar bango, rani ya zo a mayar masa da wata. A Jenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa kowace shekara, maza da mata da yara, su yaɓe babban masallacinsu. Tsufan gidan ƙasa ba ƙarfin ƙasar ba ne, yawan hannun da ya riƙa komawa kansa ne. Gidan da aka ɗauke wa hannu, 'yan damina kaɗan sun isa su mai da shi kango. Wannan jagora don wanda yake kwana a irin wannan gida ne, kuma yake son jikokinsa su kwana a ciki.

Karkatar asali da karkatar ciwo

Baƙo ya shiga tsohon zaure, abin da zai fara gani shi ne babu layi ɗaya da ya miƙe. Bango ya yi ciki a nan, ya yi ƙugu a can, ƙofa ta fi faɗi a ƙasa, kusurwar ɗaki ba ta yi daidai da 'yar uwarta ba, dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda sawu. Yaran gida da suka yi boko sukan ɗauki wannan a matsayin alamar faɗuwa. Galibi ba haka ba ne. Magini da gangan yake sa gindin bango ya yi kauri, ya riƙa rage shi yana hawa, don nauyi ya zauna a ƙasa. Da ido da tafin hannu ya yi aikin, ba da igiyar birkila ba. Sannan kowane yaɓe na shekara ya ƙara kauri a inda hannu ya fi kaiwa. A Ingila akwai wani gari, Labenham, da mutane ke zuwa takanas don kallon karkatattun gidajensa na katako masu shekaru ɗaruruwa. Mu a nan kunyar namu muke ji.

Abin tambaya ba ko bango ya karkace ba ne. Abin tambaya shi ne ko yana kan karkacewa. Hanyar ganewa ba ta cin kuɗi. Ka kafa ƙusa a saman bangon da kake shakka, ka rataya zare mai ɗan dutse a ƙarshensa, ka bari ya daina lilo, ka auna tazarar da ke tsakanin dutsen da gindin bango, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Ka maimaita a ƙarshen bazara, da tsakiyar marka, da bayan kaka. Idan lambar ba ta canja ba shekara ta zagayo, ka bar bangonka ya huta, haka kakanka ya gan shi. Idan tana canjawa, ko da rabin inci ne, gida yana tafiya.

Tsaga ma haka. Ƙananan tsage-tsage da suka bazu a fuskar yaɓe, waɗanda ko farce ba ya shiga, bushewa ce kawai. Waɗanda ake tsoro uku ne: wadda ta dare a kusurwa ta raba bango biyu, wadda ta fi buɗewa a sama ta tsuke a ƙasa, da wadda ta kwanta a kwance kusa da gindi. Ta ƙarshen ita ce mafi sharri, don tana nufin gindin ya yi laushi, nauyin sama yana danne shi. Ka manna ɗan kwaɓin siminti siriri, faɗin yatsa biyu, a gicciye bisa tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage cikin makonni, ba batun cikewa ba ne, batun neman dalili ne. Ƙofar da take rufuwa lafiya shekara da shekaru ta fara cijewa a rani, lokacin da katako ba ya kumbura, ita ma shaida ce.

Rufi: aikin watan Maris da Afrilu

Kusan duk abin da ke kayar da gidan ƙasa ruwa ne, kuma ta hanya biyu yake zuwa, ta sama da ta ƙasa. A fara da sama.

Rufin soro hawa-hawa ne. Azara a ƙasa, a bisanta zana ko ƙananan itatuwa, sai ƙasa mai kauri da aka daddaɓe, sai yaɓen ƙarshe da aka karkata shi zuwa bakin indararo. Azara ɗaya ba ta ɗaukar wannan nauyi a tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke ƙanana, manya kuma sai da ginshiƙi ko bakan gizo ko ɗaurin guga. Wannan lissafi yana da amfani ga mai gyara, don kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara ƙasa bisa rufi duk shekara ba a kankare tsohuwa ba. Bayan shekara 20 azarar da aka auna wa kaya ɗaya tana ɗauke da biyu, ta lanƙwashe, tsakiyar rufi ta yi kwari, ruwa ya kwanta a ciki, ya ƙara nauyi. Kafin a sa sabon yaɓe, a kankare wanda ya mutu.

Ka hau da kanka kafin hadarin farko, da tsani mai kyau, ba takalmi mai tauri, ka bi gefe-gefe inda bango yake ƙasa. Ka share ƙurar hunturu da ledoji da kashin tantabara. Duk tsiron da ka gani ka cire shi har saiwa, musamman cediya da durumi da tsuntsaye ke kawo irinsu. Ɗan tsiro mai ganye huɗu a bakin rawani, saiwarsa tana iya kaiwa kamu guda cikin bango. Sannan ka ɗauki bokitin ruwa ka zuba a wuri mafi nisa daga indararo, ka tsaya ka ga inda zai bi. In ya tafi kai tsaye ya fita, madalla. In ya tsaya yana shawara a wani wuri, ka zagaye wurin da gawayi, nan za a cike.

Indararo shi ne ɗan ƙaramin abin da yake rushe babban gida. Wuyansa, inda ya ratsa rawani, nan ruwa ya fi samun kafa. A tone kewayensa, a sake liƙe shi da ƙasa mai kyau duk shekara, ko da bai nuna komai ba. Ya kasance ya fito waje sosai, ƙafa 2 ko fiye, don ruwan ya faɗi nesa da bango. In ka ga wani dogon zane mai zurfi ya gangaro a jikin bango daga ƙarƙashin indararo, to ya gajarta ko ya huje. Inda ruwan ke sauka kuma a jera duwatsu, kada ya tona rami ya riƙa fantsamo wa gindin gini.

Zanko ba ado ba ne kurum. Nauyinsa yana danne kusurwa, wurin da ruwa da iska suka fi ci, magina kuma sukan ɗaura igiya a jikinsa in suna aiki a bango. Shi yake fara lalacewa, shi ya kamata a fara gyarawa. A nan ƙasar hadari daga gabas ya fi tasowa, saboda haka fuskar gabas ta gida tana cin yaɓe fiye da sauran. In kuɗi bai isa a zagaye gida ba, a yi gabas da kan rawani, sauran su jira baɗi.

Mutane da yawa sun gaji, sun ɗora kwano bisa soro. Ban ga laifin wannan ba, in an yi shi da hankali: a bar rufin ƙasa a ƙarƙashi don sanyinsa, a bar iska tana ratsawa tsakani, kwanon ya zarce bango sosai, a kuma ɗaure katakon da waya mai ratsawa can cikin bango, ba a dogara da duwatsu da tsofaffin tayoyi ba. Sai dai a sani, kwano yana ɓoye rufin daga ido. Ɓera da gara suna samun mafaka a wannan sarari, don haka a bar ƙofar leƙawa.

Gindin bango

Ruwan ƙasa ya fi na sama wayo, don ba a jin ɗigarsa. Duk wanda ya shigo Gombe daga hanyar Bauchi ya san yadda garin ya kwanta a gangare, daga tudun yamma zuwa gabas, ya kuma san kwaruruwan da zaizaya ta tsaga a cikin unguwanni. Tun da aka ƙirƙiro jiha a 1996 gari ya faɗaɗa, tudun da a da yake shanye ruwa ya cika da kwano da siminti da kwalta, ruwan da ke gangarowa tsofaffin unguwanni ya ƙaru, ya kuma ƙara gudu. Ga wata matsala da kakanni ba su sani ba: duk lokacin da aka gyara titi ko aka gina lambatu, hanya tana ƙara tsawo, tsohon gida yana nan inda yake. Zauren da a da ake hawa a shiga, yau gangarawa ake yi.

Ranar da ake ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki lema ka zagaya gidanka ciki da waje. Wannan zagaye ɗaya ya fi shawarar mutum goma. Ka ga inda ruwa ke kwanciya a jikin bango, ka ga ko wuriya tana fitar da ruwan tsakar gida ko kuwa na waje take shigowa da shi. Tsakar gida ta gangara zuwa wuriya, ƙasar da ke jikin bango ta waje ta gangara zuwa hanya. In hanya ta fi gida tsawo, a ɗaga dokin ƙofa, a sake wa ruwan cikin gida mafita ta ɓangaren da ya fi ƙasa, ko da sai an nemi alfarmar maƙwabci. Dakali a jikin bangon waje ba wurin hira ba ne kaɗai, kariya ce ga gindi, muddin samansa ya karkata waje, kuma ba a bar tsaga tsakaninsa da bango ba.

Sai ruwan da mu da kanmu muke kawowa. Gidan da aka gina lokacin da ake wanka da ƙwarya ɗaya, yau an ja masa famfo, an kafa tanki, an yi bayan gida na zamani. Doka ɗaya ce: kada a binne bututun ruwa cikin bangon ƙasa. A bi da shi a fili inda ido zai ga ɗigo. Makewayi da wurin wanke-wanke da wurin alwala a ware su, a gina su da bulo nesa da tsohon gini, masai da sokawe kuma su yi nisa da harsashi gwargwadon yadda fili ya bari. Randa ma a ɗora ta bisa dutse, a janye ta daga bango.

In ka ga gindin bango yana yin fari-fari, yana zubar da gari, ya rarake ciki kamu ɗaya daga ƙasa, gishirin ƙasa ne danshi ke hawowa da shi. Fitsari a jikin bango, na mutum da na dabba, yana ƙara shi. Wanda ya ɗaure tumaki a jikin soro ya san abin da yake saya. Gyaransa sai a rani, kuma kaɗan-kaɗan. A tokare bangon, a kankare ruɓaɓɓen wuri tsawon kamu biyu kawai, a cike da busasshen tubali da ƙasa mai ɗan tauri, a tsallake kamu biyu a yi na gaba, sai waɗannan sun bushe a dawo kan na tsakiya. Wanda ya rarake gindin bango gaba ɗaya rana guda don ya gama da wuri, ya haƙa wa leburansa kabari.

Batun siminti

Kamfanin siminti na Ashaka yana nan cikin jiharmu kusa da Bajoga, birkila yana kowane lungu, maginin ƙasa kuwa sai an yi cigiya. Ba mamaki shawarar farko da za a ba ka ita ce ka shafe gidan da siminti ka huta. Hutun na shekara uku ne ko huɗu.

Siminti da ƙasa ba sa kama juna da gaske. Rana ta buga, kowanne ya motsa yadda ya ga dama, filasta ta rabu da bango ta bar sarari siriri. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga a sama, ya rasa mafita, don bangon ƙasa ta fuskarsa yake fitar da danshi, an kuwa toshe ta. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a bazara: daga waje tsaf, daga ciki sharkaf. Gara kuma ta samu hanya mai duhu da ba mai ganinta. Daga waje gida yana sheƙi da fenti har ranar da filasta za ta ɓamɓaro faifai guda, a ga rabin kaurin bango ya tafi.

In ka gaji gidan da an riga an shafe, ka bi shi da ƙwanƙwasa. Inda ya amsa da ƙarar fanko, a fasa a duba. In kuwa dole sai an sa, saboda ruwan titi da ke fantsama, a tsaya a gindi ta waje, a bar sama da cikin ɗaki da yaɓen ƙasa don bango ya sami inda zai bushe. Fentin mai a cikin ɗaki shi ma toshewa yake yi. Farar ƙasa ta fi. Tayil a ƙasan ɗaki yana kora danshin da ke ƙarƙashinsa zuwa bango, saboda haka wanda ya sa shi ya ƙara sa ido a gindi.

Ƙasar gyara

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Baƙar ƙasar nan ta noman auduga da ƙasar Gombe ta yi suna da ita tana kumbura da ruwa, ta tsattsage in ta bushe, ba ta yi. Rairayin kwari kuma ba ya kama jikinsa. Abin nema jar ƙasa ce mai ɗan tsakuwa, birji, mai danƙo daidai. Kafin ka biya kuɗin tifa, a kawo maka kwano guda. Ka kwaɓa, ka yaɓa faɗin tafin hannu biyu a jikin bango a inuwa, ka bari kwana biyu. In ta tsattsage da yawa, danƙo ya yi yawa, a ƙara rairayi da ciyawa. In ka murza ta zube, danƙo ya gaza.

Kwaɓin ba na rana ɗaya ba ne. Ana jiƙa ƙasa, a tattake ta da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa ko kashin doki ko na jaki, a tara ta a bar ta ta kwana biyu, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har sai ta ruɓa ta yi laushi. Magini nagari ba ya yarda a gaggauta shi a nan. In ka ce masa, "Baba, ba za a yi yau a gama ba?" zai ce maka ƙasar ba ta nuna ba, kuma shi ke da gaskiya. Kafin a yaɓa, a kankare duk abin da ya saki, a yayyafa wa bango ruwa, a jefa ƙasar da ƙarfi don ta shiga, sannan a shafe da hannu. Siriri-siriri, hawa biyu ko uku, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Kauri ɗaya mai nauyi zamewa yake yi.

Abin da ke hana ruwa shiga shi ne shafen ƙarshe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta a haɗa ruwanta da ƙasa, ta ba bango launin nan mai duhu da santsi. Ita ma ake yayyafawa a daɓe, lokacin da mata ke taruwa da madaɓai suna bugu suna waƙa. Laso ya fi ta ƙarko: katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Yau da marina suka ragu, samun katsi sai an aika Kano ko wani garin da ake rini, amma ɗorawa tana nan a karkararmu, a yi odar makuba tun lokacin da ake sarrafa kalwa. In bangon zaure yana da zane, dagi ne ko wani, a ɗauki hotonsa da waya daga kusa da nesa kafin a taɓa, a kuma gaya wa magini a fili cewa bin zanen zai yi, ba shafe shi ba.

Bayan ƙasa sai itace. Giginya tana da taurin da gara ba ta cika sonta ba, shi ya sa azarar shekara 100 take nan. Inda take mutuwa shi ne kanta da ke binne cikin bango, in danshi ya daɗe a wurin. Ka sa tsinin wuƙa a wurin. In ya nutse, a tokare, a sauya. Gara ta fi cin zanar da ke bisa azara da katakon ƙofa da taga. Hanyarta ta ƙasa da ke hawa bango a karye ta duk sanda aka gani, a bi ta har inda ta fito. Kada a jingine itacen girki ko karan dawa a jikin gini.

Zaman ciki

Bango mai kauri jinkirta zafi yake yi, ba hana shi ba. Da azahar a watan Afrilu, lokacin da mai ɗakin bulo da kwano ke neman inuwar darbejiya, ɗakin soro yana da sanyi. Zafin sai dare yake isowa ciki, shi ya sa mutanen da can suke shimfiɗa a tsakar gida a bazara. Dabarar ita ce a rufe ƙofa da taga da hantsi, a buɗe su duka bayan isha'i iska ta ratsa. Da hunturu kuwa ɗakin yana riƙe ɗumin rana har asuba. Amma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen soro. Ɗakin da iska ba ta shiga, hayaƙin da ba a gani yana kisa.

Duhu shi ne kukan kowa. Kafin a fasa babbar taga, a gwada farar ƙasa a bango da rufi, tana ninka haske. In za a fasa, ƙarama, can sama, nesa da kusurwa, ba a ƙarƙashin inda azara ko ƙafar baka ta sauka ba, kuma a fara sa itacen da zai ɗauki nauyin sama kafin a cire ƙasa. Haɗe ɗaki biyu ta hanyar cire bangon tsakiya kuwa, a manta da shi. Wannan bango shi ke riƙe da na waje.

Wayar lantarki a bi da ita cikin bututun roba a fuskar bango, kada a tsaga mata hanya. Ƙusa gajera ba ta zama a ƙasa. Abu mai nauyi a kafa masa turken katako mai tsawo tun lokacin yaɓe. Fankar sama kada a rataya ta a azara ɗaya, girgizarta tana sassauta rufi. Ta tsaye ta fi. Kayan ɗaki na kanti an yi su ne don ɗaki mai kusurwa daidai, saboda haka a kira kafinta ya auna wurin, kuma a bar tazarar tafin hannu tsakanin kabad da bango don iska da ido su shiga. Tsohuwar al'adar fitar da kaya duka a share ɗaki a shafe shi kafin salla ita ce binciken shekara; ramin ɓera da aka gani ranar a toshe shi da ƙasa da tsakuwa, abinci kuma a rufe, don ɓera na ɗauke da zazzaɓin Lasa.

Lokacin marka, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ba ruwa mai ƙarfi na awa ɗaya ne abin tsoro ba, yayyafin kwana biyu ko uku ne da ba ya barin rufi ya bushe. In ƙasa ta fara zubowa daga tsakanin azara, ko an ji ƙarar itace, ko tabon danshi a rufi yana faɗaɗa ana kallo, ko tsaga ta buɗe cikin yini ɗaya, a fitar da kowa nan take. Ba a tsayawa kwashe kaya, ba a hawa jiƙaƙƙen rufi da dare don shimfiɗa leda. Tsofaffi su ne masu gardama. Goggo za ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, ba inda za ta. A lallashe ta tun kafin damina, a shirya mata wani ɗakin, kada a bari sai cikin dare ana ruwa.

Gidan magada

Abin da ya fi gara cin tsofaffin gidaje shi ne gadon da ba a raba ba. Mutum 15 ke da haƙƙi, uku ke ciki, masu hali suna Abuja ko sabuwar unguwa. Na ciki ya ce ba zai kashe kuɗi a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba, na waje ya ce ai ba shi ke kwana a ciki ba. Mafita ita ce a zauna gaban baffa ko wani babba da kowa ke jin nauyinsa, a rubuta: wa ke riƙe da gyara, nawa kowa zai bayar bayan kaka, kuma abin da wani ya kashe na babban aiki yaya za a lissafa shi ranar rabo. A ajiye takardar tare da littafin awon bango. Kuɗin ya shigo kafin Janairu, don a sayi ƙasa da makuba, a buga tubali ya bushe, a kama magini kafin kowa ya neme shi. In an sami tsohon magini, a haɗa shi da wani yaro na gida ya riƙa miƙa masa ƙasa, ko da a hutun makaranta ne.

Wani ɗakin kuma ya wuce ceto, kuma ba abin kunya ba ne a sauke shi. In bango ya rabu da rufi, ko zaren awo ya nuna yana tafiya damina biyu a jere duk da an gyara hanyar ruwa, a kira magini da injiniya su duba tare, a sauke shi da hannu a rani, daga sama zuwa ƙasa, bayan an tokare ɗakunan da ke jingine da shi. Azarar da ta fito lafiya a jera ta a inuwa bisa duwatsu, kada a sayar wa mai itace, don samun giginyar da ta ƙosa irin ta da yana da wuya yanzu. Ƙofar da maƙera suka yi wa ƙusoshi a adana ta. Ƙasar saman bango a tara ta wuri ɗaya, ta riga ta nuna, da ita za a buga tubalin sabon ɗakin. Ta gindi mai gishiri kaɗai za a ware, a kai gona.